Ƙarfen da Suka Yar a Bola

Asabar da dare, Nombakélé

Rifkatu 'yata, rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara mini.

Gobe cocinmu na Baftis ke cika shekara hamsin. Sun yi fenti, sun sayo lasifika, sai suka kwance tsohon wilin motar da muke bugawa a madadin ƙararrawa, suka yar a bola. Marigayi babanki ne ya rataye shi a mangwaron harabar cocin tun muna sujada a rumfa. Na je na ɗauko, yana ƙarƙashin gadona.

Ɗazu Dattijo Bulus ya zo. Wai, "Mama Saratu, manyan baƙi za su zo, kar ki ba mu kunya. In kika kawo ƙarfen nan, masu gadi za su fitar da ke."

Da ya tafi, na zauna ina tunani. Masu gadin garin nan Faransanci kawai suke ji, ni kuwa ba na jin Faransanci, in sun riƙe ni me zan ce? A ja ni waje gaban jama'a, da tsufana?

To, su ja. Ƙarfen nan ne ya tara iyayensu. Na goge zanen zumuntar matan coci, na nemo igiya da guduma. Ƙarfe shida na safe zan buga, kafin su kunna lasifikarsu.

Kin rubuta shida?