Ja da Ɗakin da Ke Ba Kansa Ruwa

Zejtun, Malta

Zuwa ga Indri,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Vitorina. Ni ma lafiyata lau, in akwai mai tambaya.

Ka ga ta inda takardar nan ta zo maka. A ƙafar tantabararka Ja na ɗaura ta, don na gaji da buga ƙofarka ana ce mini wai kana hutawa. Hutun me? Rana ɗaya muka bar aiki a tashar gyaran jiragen ruwa, ni ban ga gajiyar da ta kwantar da ni ba. Ita Ja ba mai tare ta a ƙofa. Tun ranar da ka aiko mini da tantabarunka cikin kwando, ka ce ka gaji da kiwo, ko yaushe na buɗe mata sai ta yi saman benenka. Sai ta tarar da ɗakin da aka ƙyanƙyashe ta a kulle, an liƙe taga da baƙar leda. Tantabarar da ta ƙetaro teku daga Sisili cikin hadari ta ciyo maka kofin tsere, yau ita ce ba ta da wurin sauka!

A shagon aski na ji labarinka, Indri. A shagon aski, ni! Wai wiwi kake nomawa a ɗakin tantabaru. Na san doka ta yarda kowane gida ya shuka tushe huɗu, ba wannan ne ya dame ni ba. Ka shuka kabewa ma in ka ga dama. Tambayata ɗaya ce: wa ya ja maka wayar wuta? Ni na ja wutar gidan nan tun kana ango. Ni na sa fitilar ɗakin da aka haifi ɗanka, ni na riƙe shi a coci ranar baftisma. Yau kuma sai ga wani Zoran, mutumin ƙasar Sabiya da ya kama haya a maƙwabtanka bara, shi ne mai hawa benenka da akwatin kayan aiki yana fito.

An ce har "ɗan'uwana" kake ce masa. To, madalla.

Ka gaida Vitorina.

Naka tun muna yawo ba takalmi,
Kelinu

*

Zuwa ga aminina Kelinu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Takardarka ta iso, Vitorina ta karanta ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce tsufa bai rage maka komai ba.

Haba Kelinu, kishi da gemu fari? Zoran mutumin kirki ne, aikinsa ke nan, haɗa na'urori. Kai wuta ka sani, na yarda, amma wannan abin ya wuce wuta. Da za ka ga ɗakin! Fitilu su kunna kansu su kashe kansu. Ƙasa ta bushe, famfo ya ɗiga mata ruwa ba wanda ya ce masa. Zafi ya yi yawa, fanka ta tashi. Akwai 'yar kyamara a lungu, ina zaune a falo ina kallon shukata a waya kamar mai kallon ƙwallo. Ko tankin ruwa ya yi ƙasa, waya ce za ta yi ƙara ta gaya mini. Ba sai na taka matakala ko ɗaya ba.

Ba don shaƙatawa nake yi ba, ka san ni ko sigari na bari. Gwiwoyin Vitorina ne, ka san yadda suke hana ta sakat in sanyi ya shigo. Ta ce tana so ta gwada, ni kuma na samu abin yi.

Maganar tantabaru, na gaji ne kawai, kada ka sa wani abu a ranka. Wa zan ba su in ba kai ba? Sai dai ina roƙon alfarma ɗaya. Ka riƙa kulle nawa ɗin, musamman Ja, har su manta hanya. Suna taruwa a bakin bututun da ke shigar da iska, suna ɓata wurin.

Za mu haɗu in na ɗan samu sarari.

Naka har kullum,
Indri

*

Indri,

Na gaishe ka, tunda haka aka koya mana.

Da kan sarki ka aiko mini da amsa! Mai raba wasiƙu ya miƙo mini yana murmushi, ya ce, "Kelinu, wannan ta sha tafiya, daga bayan layinku take." Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga saman benena ina hango shanyar Vitorina, amma kai sai ka sayi kan sarki.

Sannan ka gaya mini, wa ya kwance takardata daga ƙafar Ja? Tunda ka ce ba ka taka matakala, kuma gwiwar Vitorina ba ta hawa, to hannun wa ya kama ta? Kada ka ba ni amsa, na sani. Ja ba ta yarda da hannun kowa ba sai naka da nawa. Ranar ta dawo gashin fiffikenta a yamutse, kamar wadda aka damƙa da tawul.

Ranar Lahadi na wuce ta ƙofarka bayan coci. Na ga abin da na gani. Kujerata, mai zaren kaba, wadda na gyara wa ƙafa da hannuna, an shigar da ita falo, mutumin nan yana zaune a kai ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, kun haɗa kai a kan waya kuna dariya. Ƙamshin dafaffen zomon Vitorina har titi. Da, in ta dafa zomo, ni ake fara aika wa yaro ya kira. Ka ɗago ka gan ni ta taga, Indri, kada ka ce ba ka gan ni ba. Ka ɗaga mini hannu daga nesa kamar direban bas, ba ka ce in shigo ba. Na je gida na ci burodi da tumatir a tsaye.

Ka ce kishi nake. E, kishi nake, sai me? Ina kishin Zoran, ina kishin wayar, har famfon nan mai ɗiga ruwa ina jin haushinsa. Shekara nawa muka yi a saman benen nan, wuyanmu ya ƙage muna duban sama, muna jiran ɗigo ɗaya ya ɓullo daga wajen teku? Wa ya riƙe ka ranar da shaho ya ɗauke maka Baƙin Wuya kana kuka kamar yaro? Yanzu ka samu shukar da ba ta bukatarka, da abokin da ya iya latsa waya, ka ce mini "in na samu sarari".

Maganar in kulle su kuwa, ba zan kulle ba. Kowace safiya zan buɗe musu, naka da nawa duka, har hatsi na fara watsa wa kan katangarka ta baya in na wuce. Su zauna a bakin bututun, su yi abin da tantabara take yi. In ya dame ka, ka tako da ƙafarka ka zo ka gaya mini a fuskata. Shayi yana nan, kofinka yana inda ka bar shi.

Kelinu

*

Kelinu,

Gaisuwa. Don girman Allah ka kulle su. Ba zan iya zuwa ba, kuma ba abin da kake zato ba ne. Ka yi mini wannan kawai.

Indri

*

Zuwa ga Kelinu, uban baftismar ɗana,

Ina gaishe ka da kyau, ina kuma gaida 'yar'uwarka Lonza. Ni ce Vitorina. Indri bai san na rubuto ba, ya sa na yi masa rantsuwa, amma na je coci na gaya wa Fada, limaminmu, zan karya ta, ya ce in karya.

Ku biyun nan kun ishe ni. Tsofaffi biyu, ɗaya kurma da gangan, ɗaya bebe da gangan.

Kelinu, huhun abokinka ne ya lalace. Tarin nan da kake tsokanarsa da shi tun bara, kana ce masa tsohuwar mota, ba mura ba ce. Likita ya ce ƙurar gashin tantabara ce da ta kashinsu ta taru masa shekara da shekaru. Ya ce in yana son ya ga jikokinsa sun girma, kada ya ƙara kusantar tantabara, kada ya kusanci ko rigar wanda ya fito daga cikinsu. Ka ji dalilin da nake tare ka a ƙofa, raina yana ƙuna. Hularka kaɗai ta isa ta kwantar da shi.

Na ce masa, "Ka gaya wa Kelinu mana." Ya ce, "Ke ba ki san shi ba? Zai zubar da nasa duka saboda ni. Tunda matarsa ta rasu me ya rage masa in ba su ba? Gara ya yi fushi da ni yana da tsuntsayensa."

Ɗakin nan da kake jin haushi, kana tsammani gayu ne ya sa komai yake yin kansa? Matakala ce ta gagare shi. Rabi yake kaiwa ya zauna yana haki. Zoran ne ya gan shi a haka wata rana, ya ce bari ya haɗa masa abin da zai riƙa gani daga ƙasa. Shi ya wanke ɗakin tas kafin a sa komai, ko sisi bai karɓa ba. Gwiwoyina kuwa, e, suna ciwo, amma ni ce na ƙirƙiro maganar don ya samu abin dubawa da safe. Mutumin da ya saba ya farka ya ciyar da rai, ka ce ya zauna haka nan? Kuma in gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Ya sa Zoran ya ƙara wata kyamarar a waje, wai don ɓarayi. Ƙarya yake. Ja yake kallo. Ko yaushe ta sauka sai ya kira ni, "Vitorina, zo ki ga, ta rame ko? Kelinu yana ba ta wake kuwa?"

Amma tun da ka fara sako su gaba ɗaya, ƙurar tana bin bututun, tana sauka ta matakala har ɗakin kwana. Ranar Talata numfashinsa ya sarƙe, Zoran ya kai mu asibiti a motarsa. An sallamo mu jiya da tukunyar iska da roba a hanci. Yana dawowa ya ce in miƙo masa waya ya ga ko Ja ta zo.

Ban ce ka yi komai ba. Na dai gaji da ganin kana wucewa ta ƙofarmu kana kallon gefe, shi kuma yana leƙenka ta labule.

Allah ya ba mu lafiya gaba ɗaya.

Vitorina

*

Indri,

Gaisuwa, tsohuwar mota.

Na kai tantabarun tsibirin Gozo, wajen ɗan Lonza, naka da nawa. Ya yi alkawari zai riƙe su a rufe. Ja kuwa ka san ta, tekun da ke tsakaninmu da Gozo ba komai ba ne a wurinta, rana ɗaya aka yi sakaci za ka gan ta a bakin bututunka. Don haka da hannuna na yanke mata gashin fiffike kafin in miƙa ta. Ba ta yi motsi ba, ta yarda da hannun. Kada ka tambaye ni yadda na dawo a jirgi.

Wa ya ce maka ka zaɓa mini? Sakarai kawai.

Na ƙona hular. Na yi wanka har fatata ta yi ja, na sa rigar da na saya jiya, ko ledarta ban yar ba, in Vitorina tana son shaida. Wannan takardar ba kan sarki, ta ƙarƙashin ƙofa na turo ta, ni ne a tsaye a waje.

Ka ce wa Zoran na gode. Sannan ka ce masa ya tashi daga kan kujerata.

Kelinu