Kada a Ɗauke Ni Ta Ƙasan Hanci

Litinin, 2 ga Oktoba

Dangin abokina Boadu sun tsayar da ranar jana'iza: Asabar, 28 ga wata. Kafin nan yana can mutuware cikin sanyi, mutumin da ko fanka ba ya yarda a kunna masa. Matarsa, Maame Konadu, ta aiko a gaya mini wai aikin hoto nawa ne. To da na wa zai zama? Shagonsa na ɗinki da nawa na hoto bango ɗaya ya raba su a unguwar Bantama, nan Kumasi, tun muna da gashi a ka.

Duk jana'izar da muka je tare sai ya ja ni gefe. "Agyekum, dubi yadda yaran nan ke tsayawa ta wajen ƙafa suna ɗaukar mamaci. Ba ka ganin komai sai ƙofofin hanci. Ni da Allah ya hore wa hanci kamar murhu, in ka bari aka yi mini haka, wallahi sai na dawo na hana ka barci." Na yi masa alkawari ina dariya: ni da hannuna, daga sama, ta gefen hagu. Ban ɗauka zai riga ni ba.

Na gode Allah ina da kayan aiki. Kyamarar da 'yata Adwubi ta aiko mini bara daga Dubai, da guminta na aikin jinya, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Aibinta ɗaya, duk rubutun cikinta da Japananci ne. Ban iya karanta ko harafi ba, amma yatsana ya haddace hanya: sau kaza ƙasa, sau ɗaya dama, shi ke nan.

Asabar, 7 ga Oktoba

Kyamarar ta tsaya. Ana tsakiyar bikin suna a Suame, na danna, ta yi wani ƙara kamar an taka ƙwaro, gilashin baya ya yi baƙi, sai wani jan rubutu. Na cire batir na mayar. Na hura mata iska. Na yi mata magana da yarenmu na Twi, na yi da Turanci. Ko gezau.

Na ƙarasa aikin da wayar uban jariri. Kunya kamar in nutse.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Tsohuwar kyamarata na ba ɗan ƙanwata tun bara ya tafi da ita Tamale, ya kuma ce ta mutu. Amma ban damu sosai ba. Takardar garanti tana cikin kwali, ban ko lanƙwasa ta ba.

Talata, 10 ga Oktoba

Accra, wajen wakilin kamfani. Ofis mai sanyi, kujeru masu laushi. Yarinyar da ke karɓar kaya ta juya kyamarar, ta buga lambar da ke gindinta a kwamfuta, ta sake bugawa, sannan ta dube ni da tausayi. Tun daga kallon na sha jinin jikina.

"Wofa," ta ce, wato kawu, "wannan ba tamu ba ce."

Na ce yaya ba taku ba ce, ga sunanku ɓaro-ɓaro a goshinta?

Ta ce sunan nasu ne, kyamarar ma ta gaske ce, ba jabu ba. Amma an yi ta ne don kasuwar Japan, wani ya kwaso ya kai Dubai ya sayar da araha. Garantin sai a Japan yake aiki. In ina so su gyara da kuɗina za su karɓa, sai dai kayan gyaran sai an yi odarsu, kuma nasu na garanti ake fara sallama. "Wataƙila kafin Kirsimeti."

Na ce mata abokina ba zai jira Kirsimeti a firji ba. Na ɗaga murya, na sani. Ita kuwa ba ta yi fushi ba. Ta kawo mini ruwa, ta sa wani ma'aikaci ya karanta mini jan rubutun: ɗan labulen nan na ciki da ke buɗewa ya rufe in an danna, wanda muke kira shota, shi ne ya karye. Ba ta karɓi ko sisi ba. Allah ya yi mata albarka, ko sunanta ban tambaya ba.

A motar dawowa na rungume kyamarar a cinya kamar mara lafiya.

Laraba, 11 ga Oktoba

Adwubi ta kira. "Papa, yaya kyamara?" Na ce lafiya lau, tana gaishe ki.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Na kai wa Tawiah mai gyara a Adum. Shagonsa bai fi ɗakin wanka girma ba, gawawwakin kyamarori har rufi. Ya buɗe ta a gabana, ya nuna mini labulen da tsinken hannunsa, ya tsage kamar busasshen ganye. Ya ce sabo babu a Kumasi, babu a Accra. Mafita ɗaya, a samu irinta sak da ta mutu da wata cutar daban, a ciro nata.

"Akwai guda ɗaya da na sani," ya ce, yana kallon bango. "Ta faɗa tafkin Bosomtwi. Ƙwaƙwalwarta ta ƙone, amma shotarta garau."

Na ce ta wa?

"Pokuaa."

Na ɗauki hulata. Ya ce, "Zauna mana, Wofa, ai ba aurenta na ce ka yi ba."

Pokuaa! Yarinyar nan mai ɗan jirgin da ke shawagi a kan mutane yana kuka kamar sauro. Rabin masu kirana ta kwashe. A wurin taro ba ta san babba ba, sai ka saita hoto ka ga ƙeyarta a ciki. Kuma ita ce ta laƙaba mini "Wofa Baƙi-da-Fari", har yaran unguwa suka ɗauka. In je in roƙe ta? Allah ya kiyaye.

Asabar, 14 ga Oktoba

Babu aiki. Na zauna a ƙofar shago ina kallon kwaɗon da ke ƙofar Boadu.

Litinin, 16 ga Oktoba

Na tambayi hayar kyamara wuri biyu. Duk wanda ke da ta kirki yana da aikin jana'iza ranar Asabar. Garin nan mutane ba sa hutawa da mutuwa.

Maame Konadu ta aiko mini fufu da miyar gyaɗa, wai in ci in samu ƙarfin aikin mijinta. Ita da ke cikin takaba ita ke tuna cikina.

Laraba, 18 ga Oktoba

Ban je wajen Pokuaa ba. Ita ta zo. Tawiah ba ya iya riƙe magana.

Ta shigo ba sallamar kirki, ta dire leda a kan teburina. "Wofa Baƙi-da-Fari, an ce kana neman gawa. Ga ta."

Na ce ban aike ki ba. Ta ce ta sani, shi ya sa ta kawo da kanta, don in jira ake in aika sai Opanyin Boadu, dattijon nan, ya gaji ya binne kansa. Ashe shi ya ɗinka mata kayan makaranta tun tana firamare, kuma in uwarta ba ta da kuɗi ya ce a bari sai an sayar da koko. Ban san wannan ba. Bango ɗaya tsakaninmu, ban sani ba.

Na ce nawa zan ba ki? Ta harare ni. Ta ce abu ɗaya take so, in bar ta ta zo ranar, ba da jirgi ba, ta tsaya a bayana. "A bayanka, Wofa. Ba za ka ga ƙeyata ba."

Na ce sai na yi tunani. Bayan ta fita na tuna ban ce na gode ba. To, na rubuta a nan: na gode.

Asabar, 21 ga Oktoba

Ta tashi! Tawiah ya danna a kunnena, ƙarar nan mai daɗi, ƙyas. Na kusa rungume shi. Ya ɗaga hannu ya ce in dakata da murna. Abin da ya kwana a ruwa ba a rantsuwa a kansa. Tana iya yin shekara, tana iya tsayawa gobe. "Garantina daga nan zuwa bakin ƙofa ne."

Duk da haka na gode masa. Ya ajiye aikin mutane ya yi nawa.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Adwubi ta ji. Wata 'yar cocinmu ta rubuta mata. Ta kira tana kuka, wai ita ta cuce ni, mai shagon ya rantse mata garantin na duniya ne, ita kuma ta ga sauƙin farashi. Na ce ke, share hawayenki. Shekara guda kyamarar nan tana ciyar da ni. Wane uba ne a layinmu 'yarsa ta tuna da sana'arsa? Ta ce me ya sa na ɓoye mata. Na ce don na san za ki yi abin da kike yi yanzu. Sai ta yi dariya cikin kukan, irin ta mahaifiyarta.

Juma'a, 27 ga Oktoba

Na caja batir biyu. Na goge gilashi. Na fito da jan zane da baƙi, kayan makoki. Na gwada ta sau ɗaya kawai, ina tsoron in ƙarar mata da numfashi.

Lahadi, 29 ga Oktoba

Jiya.

Da safe aka kwantar da shi a falon gidan dangi, cikin kente, saƙaƙƙen zanenmu na gargajiya, da tef ɗin awon tela a wuyansa, dabarar Maame Konadu. Sun yi masa kyau. Hancin dai yana nan yadda na san shi.

Kuskurena, mutane suka tare ni a waje: shugaban dangi, 'yan ƙungiyar teloli, surukai daga Mampong, kowa sai an ɗauke shi. Na yi ta dannawa, kyamara na amsawa, har na saki jiki. Sai da aka ce za a rufe ɗaki a sa shi a akwati sannan na shiga. Na hau kujera ta gefen hagu, na leƙa, na ga fuskarsa daidai yadda yake so. Na danna.

Ƙarar ƙwaron nan. Baƙi. Jan rubutu.

Ban san tsawon lokacin da na yi a kan kujerar ba. Shugaban dangi yana cewa, "Agyekum, ka gama? Fasto na jira." Wani yaro ya riga ya tsaya ta wajen ƙafa ya ɗaga waya. Na ce a raina, Boadu, ka yafe mini.

Sai na ji an zare kyamarar daga hannuna an sa mini wata. Pokuaa. Tana bayana tun safe, ban ko waiwaye ta ba. Ashe aikin aure ta bar wa wani a ranar don ta zo da tata mai lafiya. Ta ce a hankali, "Na saita komai. Danna kawai, Wofa." Ta juya ta ce wa shugaban dangi, "Nana, a yi mana haƙuri kaɗan," ta kuma matsa ta tare gaban yaron mai waya da faɗin bayanta. Karo na farko da na yi murna da ƙeyar nan.

Idona ya cika, ban ga komai sosai ba. Na goge da gefen zane, na riƙe numfashi, na danna sau uku. Na biyun ya fito. Kamar yana barci bayan ya ci ni a dara.

Na sauko, Pokuaa ta riƙe ni a gwiwar hannu har waje. Maame Konadu ta kalli hoton a bayan kyamara ta daɗe, ta ce, "Shi ne."

Yau a coci da aka ce masu godiya su tashi, na tashi.

Talata, 31 ga Oktoba

Tawiah ya ce wannan karon har abin da ke motsa labulen ya lalace. Ya ce in kai Accra in jira layi, ko in bar masa ita ta ceci wata. Na ce a kai Accra. Kyautar 'yata ce, ba za a yi gunduwa-gunduwa da ita ba tukuna. In ta dawo bayan Kirsimeti, to. In ba ta dawo ba, ta yi abin da za ta iya.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Pokuaa ta kawo hotunan. Na Boadu babba, za a sa a firam. A ƙasan ambulan akwai wani ƙarami da ban san da shi ba. Da waya ta ɗauka, kafin in hau kujera: na sunkuya ina gyara masa kente a kafaɗa, bakina a buɗe, da alama magana nake masa. Ban tuna na yi ba.

Na ce hoton waya ne, hasken ya yi yawa ta taga, kuma ta yanke mini gwiwar hannu. Ta ce to in ba ta abinta. Na ce ajiye, zan duba ingancin takardar.

Da ta tafi na buɗe akwatunan tsofaffin hotuna. Boadu da keken ɗinki, Boadu ranar aure, Boadu da jikoki, Boadu yana dariya da haƙorinsa na zinariya. Na zazzage duka a ƙasa ina nema. Babu ko ɗaya da nake ciki. Kullum ina ɗaya gefen. Wannan na wayar shi kaɗai ne muke tare.

Na jingina shi a kan teburi. Na ɗan lokaci ne.

Pokuaa ta ce wai Asabar akwai jana'iza a Ejisu, tsofaffi sun yi yawa, ba sa jin maganarta in ta ce su tsaya, kuma ta samo kyamara ta biyu da ke zaune ba aiki. Ta ce za ta biyo da mota da safe. Ban ce zan je ba. Yarinyar har yanzu ba ta iya gaisuwa ba.

Na dai kai baƙin zanena wajen mai guga.