Wuƙar da Na Zaɓa wa Capucine

Yaya Ghislaine,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Réjean da yara, Allah ya sa sanyin Montréal bai taso miki da ciwon gwiwar nan ba. Mu nan Thiers lafiya lau, Mama tana cin abincinta, matata Nadège kuma tana gaishe ki. Bayan haka, ina sanar da ke a hukumance cewa an tsige ni daga muƙamin uba, an naɗa wata wuƙa mai mariƙin roba a gurbina, kuma da hannunki a juyin mulkin.

Kin san 'yata Capucine ta samu gurbin gwaji a wani gidan abinci a Clermont, in ta yi kyau su riƙe ta, in ba ta yi ba su sallame ta ƙarshen wata. Sun ce kowane ɗan koyo ya zo da wuƙarsa. Ni kuwa, jikan mutumin da ya ƙare rayuwarsa rub-da-ciki a bakin kogi yana wasa wuƙaƙe, ban ga dalilin da zan bar yarinya ta yi wannan zaɓi ita kaɗai ba. Na karanta duk abin da ke laburarenmu a kan ƙarfe, sannan na je wajen tsoho Chabrol maƙerin wuƙaƙe na zaɓi doguwa mai nauyi, mai mariƙin icen goro. Ya ce in kawo yarinyar ta riƙe tukuna, wai ba a saya wa mutum takalmi ba ya nan. Na ce masa ni na haife ta, na san hannunta. Har na sa ya zana sunan gidanmu a jikin ƙarfen, ya ce to malam mai littattafai, in an zana ba a mayarwa.

Yanzu ki gaya min, da wane izini kika buga mata waya daga wata nahiya kika ce ta ajiye wuƙar ubanta ta sayi mara nauyi? Ke da rabonki da yanka albasa tun kafin Réjean ya yi furfura. A bakin Nadège na ji, ba a bakinki ba, ba a bakin 'yata ba. Wai babban kukun nasu ya ga wuƙar ya tambayi Capucine ko sa za ta feɗe, duk kicin ɗin suka yi dariya, ya ce in ba ta ƙara sauri ba ta fara neman wani aiki. Mutumin da aka ce min ko littafi ɗaya bai taɓa gamawa ba. Shi ne ta kai kukanta wajenki, kika yanke hukunci kamar ni na mutu.

Ranar Lahadi da ta zo gida na faɗi duk abin da ke raina, na ce a garin nan ba a taɓa jin 'yar gidanmu ta riƙe roba ba. Ita kuwa sai jan hannun riga take yi. Nadège ce ta tashi ta jawo buhun albasa ta zube a gabana, ta miƙo min wuƙar nan da na zaɓo, ta ce farfesa ga aikin safiya ɗaya na 'yarka, bismillah. Na fara da ƙarfina, ina yi ina musu bayanin ƙarfe. Ban kai rabin buhun ba bayanin ya ƙare, tsintsiyar hannuna ta ɗauki wuta. A nan ne Capucine ta naɗe hannun rigarta, na ga kumburin da ta yi makonni tana ɓoye min don kada raina ya ɓaci. Ta ce tun da ta canza wuƙa take gama aikinta a kan lokaci, kuma jiya kukun ya ce za su riƙe ta.

Har yanzu ina fushi da ke, don kamata ya yi ki kira ni ki zage ni kai tsaye kamar yadda kika saba. Ki gaida Réjean da Solène da ƙaramin Ambroise. Wasiƙar nan Nadège ce ta ƙarasa rubuta ta ina faɗa mata, don kumburin hannuna bai sauka ba.

Ni ne na yi kuskure. Kada ki gaya wa Chabrol.

Ƙaninki,
Hervé