Riɗi Ne, Ba Yatsuna Ba

Zuwa ga jikata Lea, a Legas,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da addu'ar Allah ya ƙara miki lafiya, ke da angonki. Mu a nan Keffi lafiya lau, ƙafar kakarki ma ta yi sauƙi.

Bayan haka, dole in gyara abin da kawunki Boaz ya faɗa miki, wai yatsuna sun tsufa, shi ya sa waƙa ta yi ta yankewa a majami'a ran Lahadi. Ba haka ba ne. Maɓallan kibod ɗin da nake kiɗa da shi ne guda uku suka daina amsawa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne jin cewa, saboda wannan magana, kina shirin ba Wilson kiɗan ɗaurin aurenki. Wilson fa, wanda tsadar haya ta koro daga Abuja bara, mai kibod da ke kiɗa da kansa idan an taɓa wuri ɗaya! Mata suna ta yaba shi, har da kakarki, wadda ta ce hannunsa da daɗi. Ni da na koya wa rabin mawaƙan nan tashin murya, ban taɓa jin haka daga bakinta ba.

Ga yadda na bi abin. Na canza wayar kibod ɗin, na gwada wata sifika, maɓallan nan shiru. Sai na kwance kusoshin baya, na ɗaga robar da ke ƙarƙashin maɓallai, na tarar da riɗi cike da wurin. Ashe ranar godiyar girbi matan zumuntar majami'a sun mai da kibod ɗina tebur, suka ɗora masa ƙwaryar riɗinsu. Na Wilson kuwa, mayafi suka lulluɓa masa. Na share da buroshi, na goge da auduga da sifirit, biyu suka dawo. Na ukun robarsa ta yage, kuma babu irinta a kasuwar Keffi.

Amaryata, na haƙura wani ya ƙwace mini ke, amma kujerar kiɗa ba zan bari ba. Ki nemo mini robar a Legas. Ko ba a samu ba, na riga na sauke waƙar shigowarki zuwa muryar da ba ta bi ta kan mataccen maɓallin.

Ki gai da angon da iyayensa, da gwaggonki Dokas. Na haɗo miki da yagaggiyar robar don kada a ba ki wata iri, da lambar kibod ɗin, da ƙullin riɗin da na kwaso. Rabi ne. Sauran na kai wa Boaz, ya duba ko yatsuna ne.

Kakanki,
Malachi