Jirgin Baba a Cikin Kwari

Yaya Halfan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, muna raye, in ka damu ka sani. Waya ba ta tafiya tun ranar guguwar, shi ya sa na ba direban tankar ruwa wannan takarda.

Jirgin kamun kifin Baba ya tafi. Kai ka bugo daga ofishinku na hasashen yanayi a birnin Maskat, ka ce guguwa na tafe ta teku, a janye jirgi daga gaɓa. Baba da ba ya jin maganar kowa ya ji taka. Ya tara maƙwabta suka ja shi cikin busasshen kwarin bayan gida, inda tun kakanni ake ɓoye jirage in teku ta yi fushi. To, teku ko ƙofarmu ba ta taɓa ba. Ruwan sama ne ya gangaro daga duwatsu ta kwarin, ya sure jirgin kamar murfin tukunya, ya yi teku da shi.

Raina a ɓace yake. Ina amfanin zaman da kake yi gaban na'ura?

Ƙanwarka,
Zuwaina

*

Zuwaina,

Wa'alaikumussalam. Na gode Allah da kuka tsira, amma kada ki ɗora mini laifi. Kwana da kwanaki muka yi muna bin guguwar nan a hotunan tauraron ɗan'adam, kuma na san duk ruwan da ta kwaso daga teku a kan duwatsunmu za ta juye shi. Na soma gaya wa Baba ya guji kwari, sai ya ce, "Kai yaro, ni za ka koya wa ruwa?" Ya miƙa miki wayar. Ke kuma kika ce kina zuba wa baƙi gahawa, kika kashe. Na yi ta kira har layi ya ɗauke. Ni ma fushin nake yi.

Ina nan tafe Juma'a, zan saya masa sabon jirgi. Ki gaishe shi da kyau.

Yayanki,
Halfan

*

Yaya Halfan,

Salamu alaikum. Sabon jirgi? Lallai birni ya cinye ka. Ka manta sunan Umma ne a goshin wancan? Da hannunsa ya rubuta shi shekarar da ta rasu, kuma duk sallah sai ya sabunta fentin.

Na karanta masa wasiƙarka har ƙarshe, da wurin gahawar duka. Bai musa ba. Ya daɗe yana kallon teku, sannan ya ce tunda kai kana hango komai daga sama, ka duba masa inda Umma take, wato jirgin nasa.

Ka zo Juma'ar. Kada ka yi masa maganar sabon jirgi.

Ka huta lafiya,
Zuwaina