A Dawo Mini da Tsohuwar Kwamfutar Ɗana

Zuwa ga Alhaji mai shagon kwamfuta na bakin titin Tudun Wada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto a fili ne domin na yi ta zuwa shagonka, kullum sai a ce ka fita. Ba zan kama sunanka ba, don ba tozarci nake nema ba. Ni ce matar nan ta unguwar Limancin Kona da ta kawo baƙar kwamfuta mai nauyi kafin azumin da ya wuce.

Kwamfutar ta ɗana ce, Allah ya jiƙansa. Shi ne na fari, ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuma zan fara a takarda ba. Ilimin kwamfuta ya karanta. Da ya ga idona ya raunana har ba na iya duba Alƙur'ani, sai ya haɗa mini manhaja da hannunsa. In na danna maɓalli ɗaya, sai ya karanta aya da muryarsa, ya dakata in maimaita. A zaure ya ɗauki karatun. Akwai wurin da ake jin tarinsa, akwai inda akuyarmu ta katse shi ya yi ƙaramar dariya ya sake ayar. Bayan rasuwarsa, da wannan nake tilawa kowace safiya.

Ga ƙorafina.

Na ɗaya. Gyaran batir na kawo. Ma'aikatanka suka ce ta tsufa, gara a yi musaya da wata sabuwa marar nauyi. Na tambaye su ƙarara ko karatun ɗana zai koma cikinta, suka ce komai zai koma. Ba su buɗe shi a gabana ba, ni kuma na yarda da su saboda na ɗauka sun san aikinsu.

Na biyu. Da na isa gida, ga alamar manhajar a fuskar sabuwar, amma ta ƙi buɗewa. 'Yata Hauwa'u ta kai ta wurin malamar kwamfuta a makarantar da take koyarwa. Malamar ta ce kowace na'ura tana da ƙwaƙwalwa da ake kira furosesa, kuma ba iri ɗaya ba ce. Ta tsohuwar irin ta manyan kwamfutoci ce, ta sabuwar kuwa dangin ta wayar hannu ce. Umarnin da ɗaya ke ganewa, ɗayar ba ta gane shi. Manhajar da aka gina don waccan ba za ta tashi a wannan ba, sai in an sake gina ta daga asalin rubutun mai ita. Ta gwada ta a tata kwamfutar mai furosesa irin ta tsohuwar, ta buɗe, amma shiru. Ashe muryar ma ba a kwaso ta ba. Ita da asalin rubutun duk suna cikin wadda kuka karɓe.

Alhaji, wanda ke sayar da na'ura dole ya san wannan bambanci. In sun sani suka ɓoye, sun ci amana. In ba su sani ba, laifin wanda ya ɗora su a kan kantar shagon ne. Ni ma uwa ce, na san yaro ba ya gyaruwa in babba yana kau da kai.

Na uku. Da na koma, sai aka ce in sauke wata manhajar karatu, wai suna da yawa kuma kyauta ne. Waɗanda aka nuna mini duk na ruwayar Hafsu ne, mu kuwa a gidanmu da Warshu aka karantar da mu. Ko da Warshun ce, ba alaramma na rasa ba, unguwarmu cike take da su. Ɗana na rasa. Yanzu in na idar da sallar asuba sai in zauna kawai, ina jin muryar a kaina, kuma na lura ta fara yi mini nisa. Wannan ya fi komai tsorata ni.

Abin da nake roƙo shi ne kada a goge abin da ke cikin kwamfutar, kada kuma a farke ta a sayar da sassanta, kamar yadda na ji ana yi wa kayan musaya. A dawo mini da ita yadda take, ko da mataccen batirinta, ku karɓi taku. In an riga an sayar, a gaya mini wanda ya saya, zan je ƙofar gidansa da ƙafata in roƙe shi. Sannan ka umarci ma'aikatanka su riƙa tambayar mutum abin da yake yi da na'urarsa, su gwada a gabansa kafin su raba shi da ita.

Allah ya sa albarka a kasuwarka, ya shirya maka zuriya, ya sa su ne za su binne ka, ba kai za ka binne su ba. In kuma an riga an goge, ka zo da kanka ka faɗa mini. Na taɓa karɓar labarin rasuwarsa, zan iya karɓar wannan, amma daga bakinka.

Wassalam.

Hajiya Rabi,
Limancin Kona, Birnin Zariya.