Nisan Alƙahira

Litinin, 2 ga Satumba, 2024
Abbas, jikana na wajen Binta, ya shigo ɗakina ya turo ƙyaure. Sati mai zuwa zai tafi Masar karatun likita. Ya nuna mani a waya: daga filin jirgin Kano zuwa na Alƙahira, kilomita dubu uku da ɗoriya. Na ce a yi mani Hausa. Ya ce kamar in tashi daga nan Ƙofar Sauri in je Kano kusan sau ashirin ban sauka ba. Na ce, "To maigida, in fitsari ya matsi direban, ina zai faka?" Bai yi dariya ba. Wai tunda tikiti ya zo gabanshi ke faɗuwa. Duk wannan nisa, ba ƙasa ƙarƙashin ƙafa. "Ke kaɗai na gaya mawa, Kaka."

Juma'a, 6 ga Satumba
Walimar bankwana. Tsakar gida ta cika, har da abokanshi, har da Zulaihat da yake nema. Aka ce Kaka ta ba da labari. Na kuwa ba da na Abbas da tsoron jirginshi. Na kwaikwayi muryarshi, na dafe ƙirji, na ƙara da cewa ya tambaya ko ana buɗe taga in amai ya taso. Wannan ƙarin nawa ne. Aka yi ta dariya har wata ta ƙware da zoɓo. Na waiga in ga maigidan nawa, ko takalmanshi babu.

Asabar, 7 ga Satumba
Binta ta aje mani abinci ta juya abinta. Gara ma ta yi mani faɗa.

Lahadi, 8 ga Satumba
Ya gaishe ni daga bakin ƙofa, a durƙushe. "Ina kwana, Hajiya." Hajiya! Yaron da tun bai iya ɗaura wando ba yake ce mani tsohuwar amarya. Wasan kaka da jika ne, ai kowa na yi. Haka na yi ta gaya ma kaina. Kunun ma ban sha ba.

Talata, 10 ga Satumba
Sun wuce Kano. Na miƙa mashi dambun nama, ya amsa da hannu biyu kamar na baƙuwa. Na shirya "ka yafe mani", bakin ya ce "Allah ya kiyaye hanya". Karatun likita ba wata ɗaya ba ne, ni kuwa gwiwa ta riga ta fara sallama.

Alhamis, 12 ga Satumba
Ya kira wayar Binta, ya ce a ba ni. Wai jirgin ya yi ta girgiza, bai san sadda ya damƙe hannun wani tsoho ba, har suka sauka. Sai ya tsaya yana jiran jin abin da zan ce. Tsokana ta zo mani har kan harshe, mai daɗi kuwa. Na ce, "Ka samu ka ci abinci?" Ya ce, "Dambunki ya yi gishiri, tsohuwa."
Da la'asar maƙwabta suka shigo jin yadda ya sauka. Na ce lafiya lau. Suka gyara zama suna jiran saura. Na ce tuwona na bisa wuta.